Wuyan Raƙumin Dawa

Tun da gari ya waye Auta ba ta zauna ba. Daga obin ɗin gashi ta nufi firji, daga firji ta dawo tebur, ta ɗauki wuƙa ta ajiye, ta manta abin da ya sa ta ɗauka. Ita da ke haɗa wa mutane kek ɗin biki hankali kwance har da 'yar waƙarta, yau komai sai kwance mata yake kamar ranar da ta fara koyo.

Kek ɗin kuwa na Shalele ne, 'yar Yayarta, wadda yau take cika shekara biyar a gidan ubanta. Tun da auren Yaya ya mutu aka riƙe yarinyar a can, sai dai a waya uwar ke jin muryarta. A wayar ne Shalele ta ce ita raƙumin dawa take so, mai wuya har sama, Yaya kuma ta yi mata alkawari tana share hawaye.

To, kek mai dogon wuya ba ya tsayuwa da fatar baki. Sai an sami faffaɗan katako a ƙasa, an kafa masa sanda, sannan a riƙa zura yankakken kek a jikin sandar har zuwa kai. Katakon ne yanzu a gaban Auta, an goge shi sumul, sandar ma an ɗan lanƙwasa ta daidai yadda raƙumin dawa ke miƙa wuya. Jiya da yamma maƙwabciyarsu ta shigo mata da shi a naɗe cikin tsohon zani. Ba a faɗi wanda ya aiko ba, ba kuwa sai an faɗa ba.

Kafinta ne. Ƙanin tsohon mijin Yaya, kuma mutumin da Auta ta mace a kansa tun kafin gidajen biyu su ɓata.

Tana cikin shafa sandar da ɗan yatsa tana murmushi ita kaɗai sai ta ji gyaran murya a bayanta. Abba ne, da kofi a hannu. Mutumin da sai ya shekara bai leƙa kicin ba, yau neman ruwan zafi ya kawo shi.

"Abba, ina kwana?"

Ya ajiye kofin, ya ɗaga katakon ya juya bayansa. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, ɗan tambarin tsuntsun da Kafinta ke ƙonawa a jikin duk abin da ya ƙera. Irinsa ne a jikin gadon Yaya da aka dawo da shi, yake jingine a sito har yau.

"Ashe har yanzu ba ki rabu da yaron nan ba?"

"Abba, aikin kek ne kawai..."

"Rufe min baki!" Ya nuna ta da sandar. "Da furfurata na je ƙofar gidan nan neman sulhu saboda 'yar'uwarki. Na tsaya rana tana dukana, ba wanda ya ce min shigo. Shi ne ke za ki riƙa karɓar saƙonsu ta bayan gida?"

"Wallahi ranar ba ya gari, Abba. Da ya dawo ya ji, sai da ya yi faɗa da yayansa..."

"Jininsu ɗaya."

Ta sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a kan tebur.

"Ki buɗe kunne ki ji. Kek zai tafi, don yarinyar nan jikata ce. Amma ba a kan wannan katakon ba. Manaja zai zo ya kai ki. Ki miƙa a bakin ƙofa ki juyo. In kika sa ƙafarki cikin gidan nan, Auta, to ki nemi wani uban ba ni ba. Kuma in kun dawo ina jiran amsarki a kan maganar aurenki da shi, na gaji da ce wa aminina ya ƙara haƙuri."

Ya maƙala katakon a hammata ya fita, ko kofin bai waiwaya ba.

Manaja ɗan aminin Abba ne, yana riƙe da wani babban shagon kayan gini. Ga mota, ga ladabi, ga ƙamshi. Abin da ya fi ba Auta haushi game da shi ke nan, ta rasa aibun da za ta kama a jikinsa ta kai ƙara.

Yaya ta shigo sumui-sumui, idanunta jajur. Ta ji komai daga ɗaki.

"Ni na ja miki, Auta."

"Haba Yaya, ke kika saki kanki?"

"Da aurena bai mutu ba da yanzu kina ɗakinki." Ta ja kujera ta zauna daɓas. "Ki rage wuyan kawai. Ki yi shi gajere, ba za ta gane ba."

"Shalele ce ba za ta gane ba? Yarinyar da ta ce miki in wuya bai yi tsawo ba to jaki ne?"

Yaya ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka. Auta ta bar ta ta yi, ta shiga buɗe durowa tana rufewa har ta ci karo da ƙunshin tsinkayen gora. Ta haɗa su ta ɗaure da zare tam, ta soke a jikin kek ɗin a kan babban faranti. Ta san ba a fafe gora ranar tafiya, amma me za ta yi?

Ta zura yankakken kek ɗaya bayan ɗaya, tana liƙe su da kirim ɗin bota. Ta murza fondan, wannan ƙullun sukarin da ake lulluɓe kek da shi, rawaya shar, ta lulluɓa masa. Yaya ta karɓi ɗan burushi tana zana ɗige-ɗigen ruwan ƙasa a jikinsa, tana yi tana jan hanci.

"In kin gan ta ki duba min ko haƙorinta na gaba ya fita. Ki duba kanta, ko ana yi mata kitso. Ki ce mata ni na zana wannan, da hannuna."

"Zan faɗa mata."

"Kar ki shiga, Auta. Na roƙe ki. Kin san Abba in ya rantse. Ni na riga na rasa 'yata, kar in rasa ki a gidan nan."

Auta ta miƙe. Ta buɗe firji ta ɗauko kan raƙumin.

A nan ne ta tafka kuskuren da ita kanta ta san kuskure ne. Kan nan tun jiya ta ƙera shi, curin fondan ne zalla, mai nauyi, don sandar katako aka yi shi ba don tsinke ba. Kamata ya yi ta ajiye shi ta yi wani mara nauyi. Amma jiya da ta tura wa Kafinta hotonsa, ga zara-zaran gashin ido, ga baki a ɗan ture, cewa ya yi, "Wannan ai ke ce sak in kin yi fushi." To wa zai sa ta jefar da shi? Ta ɗora shi a saman wuyan, ta danna a hankali. Ya tsaya. Ya ɗan yi rangaji, amma ya tsaya.

Umma ta leƙo daga bakin ƙofa. "Ga Manaja nan ya iso. Ki wanke fuskar nan, kuma ki saki ranki. Miji nagari ba kullum yake ƙwanƙwasa ƙofa ba."

Manaja da kansa ya buɗe mata gaban mota. Ta so ta ce a shimfiɗa kek ɗin a baya inda yake a baje, amma wuyan ya fi but ɗin motar tsawo. Dole ta zauna ta ɗora farantin a cinya, kwali ya kewaye jikin, wuya da kai sun leƙo waje suna kusan taɓa rufin motar.

"Tubarkalla! Ke kam Allah ya yi miki baiwa," in ji shi. "In mun yi aure shago guda zan buɗe miki."

"Don Allah a tafi a hankali."

"An gama, ranki ya daɗe."

Da farko kam ya yi ƙoƙari. Amma da suka hau babban titi suka tarar da cunkoso, rana kuma ta zagayo ta gilashinta ta sauka a kan wuyan raƙumin. Fondan ɗin da ya fito daga sanyi ya fara gumi. Auta ta ga ɗige-ɗigen Yaya suna naso, ta ja gefen mayafinta ta kare ranar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da faranti. Duk burkin da Manaja ya taka sai kan ya yi mata sallama ya koma.

"A ƙara sanyin esi, don Allah."

Ya ƙara. Ya yi gyaran murya.

"Auta, na san da maganar kafintan nan. Ban zo in ɓata shi ba. Amma ki duba, ko shekara nawa za ki jira, Abba ba zai sauko ba. Za ki tsufa a kicin kina yi wa 'ya'yan mutane kek. Ni me na yi miki?"

"Ba ka yi min komai ba."

"To me ya rage?"

"Ka duba gabanka."

"Ke nake so in duba." Hanya ta buɗe, ya taka mota, ya juyo gaba ɗaya yana kallonta. "Ki ce min e ko a'a, in san matsayina kafin mu koma wurin Abba."

"Manaja, tudu!"

Ɗan tudun nan ne da ake yi a titi don rage gudu. Motar ta yi sama ta dawo ƙasa jigif. Auta ta ji ɓas, ƙarar da ba ta fi ta karyewar ashana ba, sai ga kan raƙumin dawa a tafin hannunta, yana kallonta da baki a ture.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wuyan ya rabe daga tsakiya, tsinkaye sun yi cirko-cirko, kirim ya ɓata mata gaban riga. Manaja ya gangara gefen titi ya tsaya, shi ma duk ya rikice.

"Ki yi haƙuri, laifina ne. Ki daina kuka. Akwai shagon kek a gaba kaɗan, mu sayi wanda ya fi kowanne girma."

"Uwarta ce ta zana wannan," ta ce. "A shagon za su sayar maka da hannun uwarta?"

Ya sosa ƙeya.

"Ka kai ni kawai."

Tun daga kwanar layin ake hango balan-balan a ɗaure a ƙofar gidan, ga ihun yara daga ciki. Motar na tsayawa aka buɗe ƙaramar ƙofa, Kafinta ya fito cikin farar riga, fuskarsa fal murmushi, da alama tun ɗazu yake leƙe. Ya ga motar. Ya ga wanda ke tuƙi. Murmushin ya tafi.

Ya ƙaraso ya buɗe mata ƙofa, idonsa ya sauka a kan farantin da tsinkayen.

"Ina katakon?"

"Abba ne..."

"Sai da na fasa sanda biyu kafin in sami wadda ta lanƙwasu yadda kike so." Bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya yi ihu da ya fi mata sauƙi. "Kika ajiye shi kika sa tsinke, kika shigo motarsa. Auta, in amsa kika zo ba ni ai na ji."

"Wallahi ba haka ba ne! Ƙwacewa ya yi a hannuna. Ya ce in na taka gidanku ba shi ba ni. Me kake so in yi? In ce wa ubana ƙarya yake?"

"Ni na taɓa cewa ki saɓa masa? Sau nawa ina tura manya ana koro su? Ni ban saki kowa ba, ban bar kowa a rana ba, amma ni nake biya. Na gaji, Auta. In kin gaji ke ma ki faɗa min, in san na rasa ki."

"Ban gaji ba," ta ce cikin shessheƙa. "Tsoro nake ji."

Manaja ya zagayo ya tsaya a gefe yana kaɗa makulli. "Malam, ka karɓi kayan. An ce ta miƙa a ƙofa ne."

Kafinta bai ko kalle shi ba.

"Anti Auta! Anti Auta!"

Shalele ce ta fito a guje cikin riga mai fuka-fukai, ga wawulo a gaban bakinta. Kafinta ya yi wuf ya sha gabanta, ya tare ƙofar motar da jikinsa.

"Baba Ƙarami, matsa in ga raƙumina!"

"A'a, Hajiyata, kunya yake ji. Ba a ganinsa sai an kunna kyandir."

Ta leƙo ta ƙarƙashin hannunsa. "Anti, wuyansa har sama? Mamana ta ce har sama. Ina Mamana?"

Auta ta ɓoye kan raƙumin a cikin mayafi. Da ƙyar ta ce, "Har sama, Shalele. Mamanki ce ma ta zana shi."

Yarinyar ta yi tsalle ta koma ciki tana shelanta wa ƙawayenta.

Kafinta ya sauke numfashi. Ya duba karayar da idon mai sana'a. "Akwai sabuwar ƙotar tsintsiya a ciki, zan iya fere ta in kafa a kan katakon yanka. Amma sukarin nan ban san kansa ba. In na taɓa shi ɓata shi zan ƙara yi."

"A nan waje fa?" ta tambaya, ko da yake ta san amsar. Fondan ɗin ya riga ya saki, yana manne mata a yatsu. In bai shiga firji yanzu ba, ko ita ba za ta iya ceto shi ba.

"Auta," in ji Manaja a hankali, "kin ji abin da Abba ya ce. Kek ne fa. Yara ne, za su cinye ko da kai ko babu kai."

Ta kalli ƙofar. Ƙofa ce kamar kowace ƙofa, fentinta ma ya fara ɓarewa. Ta tuna fuskar Abba, ta tuna Yaya da burushi a hannu. Ta miƙa wa Kafinta farantin.

"Riƙe ta ƙasa. Kar ka karkata shi."

Ta sauko daga motar, ta bi bayansa, ta shige.

Ta bayan gida ya bi da ita zuwa kicin. Mahaifiyarsa tana ciki tana jera kofuna. Tsohuwar ta ɗago ta ga Auta, ta ga abin da ke farantin. Auta ta durƙusa ta gaishe ta murya ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ta amsa a taƙaice, ta buɗe firji ta kwashe kwalaben lemo ta yi wa farantin wuri, ta fita ta ja musu ƙofa rabi.

Daga nan ba wanda ya ƙara magana sai ta aiki. Shi yana fiƙe ƙota a bakin taga, ita tana zare tsinkaye ɗaya-ɗaya tana ware abin da zai gyaru. Ya kafe sandar da ƙusa ta ƙasan katakon, ya girgiza ta ya ga ba ta motsi. Suka ɗaga jikin raƙumin tare, suka zura shi. Ta zazzage jakarta, ga ragowar fondan da ɗan kirim da ba ta taɓa fita kai kek ba tare da su ba. Ta mayar da wuyan yanki-yanki, ta shafe, ta ɗora kan.

Ya zauna daram. Sai dai tabon karayar ya ƙi ɓoyuwa, ya zagaye wuyan baro-baro.

Ta ciji leɓe. Jan fondan kaɗai ya rage mata. Ta murza shi da kwalba ya yi faɗi, ta yanka dogo, ta naɗa a wurin ta ƙulla.

"Raƙumin dawa da gyale," in ji Kafinta. "Yanzu kam ya gama zama ke."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta. Shi ma ya yi, sannan ya daina.

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

"Ba zan bari ki ɗauka ke kaɗai ba."

Sai wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Tun kafin ta duba jikinta ya ba ta Abba ne. Ko Manaja ne ya kira shi, ko daɗewar ce ta yi yawa, oho. Ta ciro ta da yatsu masu danƙon sukari, ta kusa suɓuce mata. Ta danna.

"Kina ina?" Muryar Abba ce, a dake.

Tana iya cewa cunkoso ne. Tana iya cewa tana bakin ƙofa. Ta runtse ido.

"Ina cikin gidan, Abba. A kicin. Kek ɗin ne ya karye a hanya, na shigo na gyara. Ba wanda ya sa ni, ni na shigo da ƙafata."

Daga tsakar gida yara sun fara kiran a kawo kek, muryar Shalele ta fi ta kowa. Auta ta san yana ji. Ta jira ya kashe wayar, ta jira kalmar da za ta raba ta da gidansu.

"Yana wurin?"

"E... yana nan."

"Ba ni shi."

Tunda ake wannan rigimar Abba bai taɓa yarda ya ji muryarsa ba, ko sallamarsa ba ya amsawa. Ba ta san ko tsinuwa zai yi ba, ko me. Ta miƙa masa wayar.

Kafinta ya kalli wayar, ya kalle ta. Ya goge hannuwansa biyu a jikin farar rigarsa, ya karɓa. Sai ta ga ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar kicin, cikin ɓarɓashin katako, ya sunkuyar da kai kamar tsohon yana tsaye a gabansa.

"Salamu alaikum, Abba," ya ce. "Ga ni."